Ja, ruwan murjani ko ruwan hoda: kafin ki ba mai kanti kuɗin fentin makewayi

Duk shekara in damina ta ɗauke anka shiga kaka, kuɗi sunka fara shiga hannu, bukukuwa sunka soma layi, to sai hankalin mutane ya koma ga gyaran gida. Wanda ya bi ta Katako a Yamai ko ta kasuwar Dole a Damagaram, ko cikin layin masu kayan gini na Maraɗi da Tawa, zai ga yadda gwangwanayen fenti ke fita. Abin da ya ja hankalinmu shi ne mata sun shiga wannan ciniki da kansu, da kuɗin adashinsu, kuma ba ɗaki da falo kaɗai suke tambaya ba, har da makewayi, wato wurin wanka da wasu ke ce wa dush. A da ana barin shi da siminti tsirara ko a watsa masa farar ƙasa a wuce. Yanzu uwar amarya ta san ƴan kai amarya sai sun leƙa shi, kuma abin da sunka gani shi za su kai unguwa. Launin da mata sunka fi nuna wa yatsa kuwa dangin ja ne: ja wur, ruwan murjani, da ruwan hoda wanda masu faransanci ke kira roz.

Mu kanmu mun taɓa cin wannan kasuwa, shi ya sa munka ga ya kamata mu yi magana. Shekarun baya an yi mana sabon shafe na siminti a makewayin gidanmu, uwargida ta ɗauki adashi, ta ce ja take so irin na wani zane da ta gani. Munka sayi fentin mai, munka kira yaro mai fenti, shafen ko kwana 10 bai cika ba. Ranar farko kowa ya yaba. Kafin wata biyu bango ya fara danƙo kamar an shafa masa sabulu, daga ƙasa ya kumbura yana ɓarewa kamar fatar albasa, ga wurin ya yi duhu har da rana tsaka sai an kunna fitila. Aka kankare, aka sake saye, aka sake biyan ɗan aiki. Kuɗin da ya kamata ya koma jari ya tafi a bango sau biyu, kuma har yau in ana son a tsokani uwargida sai a tambaye ta labarin jan ɗaki.

Laifin farko namu ne, na gaggawa. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, kuma yana riƙe da ruwa a cikinsa ko da samansa ya bushe. In fentin mai ya hau kansa, wannan kaifi yana cin man ya mai da shi sabulu, kamar dai yadda mata ke haɗa mai da ruwan toka su samu sabulun salo. Domin haka magina na ƙwarai suke cewa a bar shafe ya yi mako 4, kwana 28 ke nan, kafin a taɓa shi da buroshi. Wadda bikin ɗiyarta ya matso, gara ta sa farar ƙasa a wuce biki, daga baya a yi fenti, da ta yi asarar gwangwani uku.

Ja ba iri ɗaya ba ne

Abin da mai kanti ba ya cika faɗa shi ne, ja kala biyu ne tun daga asalinsa. Akwai jan da anka samo daga tsatsar ƙarfe, wato ɗan uwan jar ƙasar da muka sani, irin wadda ta ba ginin Agadas da tsofaffin gidajen Birni na Damagaram launinsu. Shi wannan bai da haske sosai, ya fi kusa da launin tukunyar ƙasa ko fatar jar akuyar Maraɗi, to amma rana ba ta cin shi, siminti ba ya ƙona shi, kuma yana rufe bango da wuri. Sannan akwai ja mai walƙiya irin na tumatir da tattasai, wanda ake haɗawa da sinadarai a masana'anta. Shi ne ke ɗaukar ido a kan murfin gwangwani, shi ne kuma ya fi saurin koɗewa in mai arha ne. Duk mai sayar da atamfa ta san wannan: zanen da anka rataya bakin rumfa, jan cikinsa ne ke fara mutuwa. Galibin makewayan gidajenmu kuwa a tsakar gida suke, da yawa ba rufi, rana na dukan su tun hantsi har la'asar. A irin wannan wuri ja mai walƙiya yana iya komawa fari-fari a shekara guda, kuma ba ya koɗewa daidai: gefen da rana ke bugu daban, gefen inuwa daban.

Ja mai walƙiya kuma ba ya rufewa da kyau. Inda farin fenti zai wadatar da shafi 2, shi sai an yi 3, wani lokaci 4, in ba an fara shimfiɗa masa ruwan toka a ƙasa ba. Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Makewayi mai tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi, tsayin mita 2 da rabi, in an cire ƙofa, bangonsa ya kai kamar mita 16 murabba'i. Lita ɗaya ta fenti tana rufe kimanin mita 10 a shafi guda in bangon sumul yake. Shafi 2 ke nan lita 3 da ɗoriya, shafi 3 kusan lita 5, shafi 4 ya haura lita 6. In shafen mai kaushi ne zai sha fiye da haka. Ke nan wadda ta zaɓi ja wur ta yarda ta biya kusan ninki biyu na abin da maƙwabciyarta mai ruwan hoda ta biya, a ɗaki iri ɗaya. In ɗan aiki ya ce maki gwangwanin ya ƙare, ba dole ba ne ya karkatar da shi, ko da yake wannan ma yana faruwa.

Sai maganar haske. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, ruwan hoda mai haske yana mayar da fiye da rabi, ja mai duhu kuwa da ƙyar ya mayar da kashi 15, sauran ya shanye. Makewayi dama ƙaramin wuri ne mai ƴar taga ɗaya can sama. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi, tsohuwa mai alwalar asuba da yaro mai fita da dare su ne ke biyan kuɗin wannan duhu, domin kunama ko kyankyaso a kan jan bango ba a ganin su da fitilar salula. Sauro ma ya fi son hutawa a wuri mai duhu da laima. A shekarar 2022 masu bincike na jami'ar Washington a Amurka sun nuna cewa sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da shawara, in ya ji warin numfashin mutum, yana nufar ja da ruwan goro da baƙi, yana ƙyale fari da kore. Ba mu ce fenti ne ke kawo zazzaɓi ba, kwatami da randar da anka bari buɗe sun fi shi laifi nesa ba kusa ba, amma ba mu ga dalilin shimfiɗa wa sauro tabarma ba.

Akwai kuma wani abu da mata za su fi mu ganewa. Bango yana zuba launinsa a fuskar mai duba madubi. A cikin jan ɗaki ba ki iya sanin ko hodar ta yi yawa, ko jan bakin ya zauna, sai kin fito waje ƙawaye su gaya maki. Ruwan murjani da ruwan hoda mai laushi su ne ke yi wa fata adalci. Kuma ruwan sabulu da na famfo in sun bushe suna barin farin tabo, wanda a kan ja mai duhu yake fitowa ɓaro-ɓaro, kullum sai an goge.

Murjani da hoda

Ruwan murjani ba baƙo ba ne gare mu, tun da kakanninmu sun san tsakiyar murjani a wuya da hannu kafin a san fenti. Ja ne da anka sassauta da fari, aka ɗiga masa ɗan rawaya ko ruwan goro. A ganinmu cikin ukun nan shi ya fi dacewa da ƙasarmu, domin ƙurar hunturu da jar ƙasar da ƙafa ke kwasowa launinsu ya yi kusa da nasa, ba sa tona masa asiri da wuri. Yana tafiya da farin karo, da butar roba ko wane launi ce, da ƙofar ƙarfe mai ruwan ƙasa. Wani kamfanin Amurka mai suna Pantone da ke fitar da launin shekara ya zaɓi murjani a 2019, daga nan ya bazu a hotunan gidaje da ke yawo cikin salula, wanda ƴan matanmu ke nuna wa mai kanti su ce irin wannan.

Shi kuwa ruwan hoda a makewayi, yayinsa daga Amurka ya taso. Uwargidan shugaba Eisenhower, Mamie, wadda ta zauna fadar shugaban ƙasa daga 1953 zuwa 1961, tana son launin ƙwarai, sai masu gina gidaje a can sunka dinga sa karo da bahon wanka masu ruwan hoda har aka laƙaba wa launin sunanta. Daga baya yayin ya wuce, jikoki sunka dinga fasa karon suna zubarwa. A 1979 kuma an shafa wani ruwan hoda mai ƙarfi a ɗakin tsare sojojin ruwa a birnin Siyatil, aka ce yana kwantar da hankalin masu faɗa, gidajen kaso da dama sunka kwaikwaya. Binciken da anka sake yi a Suwis shekaru da yawa bayan haka bai ga wani bambanci ba. Don haka in wani ya ce maki ruwan hoda na sanyaya zuciyar maigida ko ta kishiya, ki saye shi don yana maki kyau kawai.

Aibinsa guda biyu ne. In ya yi ƙarfi da yawa sai wurin ya koma kamar alawar yara, kuma abin da anka gani ɗan kaɗan a kan murfi, in ya cika bango huɗu yana ƙara ƙarfi, domin kowane bango na haska ɗan uwansa. Ki zaɓi wanda ya fi abin da ranki ke so haske da mataki ɗaya. Na biyu, akwai wani yauƙi ja-ja da ke fitowa a inda ruwan sabulu ke kwanciya, gindin bango da bakin rariya. Ƙwayoyin cuta ne, ba tsatsa ba, kuma a kan bango mai ruwan hoda ba a lura da shi. Masu gidan wanka na kasuwa da na tasha su kula da wannan, domin su abin da ke kawo masu ciniki shi ne mutum ya leƙa ya ga tsabta da idonsa. A shawararmu su tsaya ga fari ko murjani mai haske ƙwarai.

Wajen haɗi ma ana cutuwa. Ja ake ɗigawa cikin fari kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba fari ake zubawa cikin ja ba. Kuma farin fenti ba ya taɓa zama ja wur komai yawan kwalaben kala da anka juye masa, iyakarsa ruwan hoda mai kauri, sannan in kalar ta yi yawa ba ya bushewa da kyau, ya dinga bin hannu da tawul. Mai son ja sosai ya sayi wanda ya zo ja daga masana'anta. A haɗa abin da zai isa duka aikin a bokiti ɗaya, domin ba a taɓa samun haɗi na biyu ya yi daidai da na farko. A shafa ɗan wuri kamar faɗin faifai a bar shi ya kwana, a dube shi da safe, da rana, da kuma ƙarƙashin ƙwan lantarkin da ke wurin, tun da farin ƙwai yana mai da ruwan hoda kamar albasar Galmi, mai rawaya kuma yana mai da shi ruwan goro. Fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe, farar ƙasa kuwa akasin haka, tana yin haske sosai.

Abin da ya fi kuɗi

Yanzu mun zo ga maganar da ta sa ba mu ɗauki wannan batu wasa ba, wato dalma. An daɗe ana sa dalma cikin fentin mai domin launi ya yi haske ya kuma bushe da wuri, kuma gwaje-gwajen da anka yi a kasuwannin ƙasashen Afirka da dama sun nuna cewa rawaya da ruwan goro da ja su ne sunka fi ɗauke da ita. Fentin ruwa bai cika samun wannan matsala ba. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje tun 1978, Kamaru ta kafa dokarta a 2017, kuma ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Amma gwangwanin da ya ƙetaro iyaka ba takarda, ko wanda anka ɗura a wani lungu aka manna masa suna, ba wanda ya auna shi.

Fenti na lafiya a bango ba ya cutarwa nan take. Matsalar tana farawa in ya soma ɓarewa, kuma ba inda fenti ke ɓarewa kamar makewayi. Ɓawon ya zama gari, yaron da anka zaunar a fo ya taɓa ya kai baki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, ba zazzaɓi ba ciwo da za a ce ga ranar da ya fara. Mai ciki ma tana miƙa ta ga abin da ke cikinta. Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 sunka rasu. Can dalmar daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, kuma yawanta ya wuce na fenti nesa, amma gubar ɗaya ce.

To me za a yi? A duba jikin gwangwani a nemi inda anka rubuta babu dalma, da faransanci ko da ingilishi, wadda ba ta karatu ta sa ɗanta ɗan lakwal ya duba mata. A fi son fentin ruwa mai ɗan sheƙi wanda ake iya wankewa, akwai shi yanzu, ko da ya fi na gama-gari tsada. Jan fentin hana tsatsa da ake shafa wa ƙofar ƙarfe, wanda maƙera ke kira minyom, asalinsa jar dalma ce, ko da yake akwai na tsatsar ƙarfe da ake sayarwa da wannan suna, saboda haka a tambaya. In za a kankare tsohon fenti a jiƙa shi da ruwa tukuna, kada a goge shi a bushe ƙura ta tashi, a fitar da yara da masu ciki, a tattara ɓawon a ƙulle a leda. Gwangwanin da ya ƙare kuma kada ya koma ma'aunin gero ko na ɗiban ruwa, abin da muke gani kullum a kasuwa. Ku kuma ƴan uwa masu kanti, ku ne ke zuwa Kano da Lome sari, ku ke da bakin tambayar dila. Hajiyar da kunka gaya wa gaskiya yau ita ce za ta turo maku ƴan adashinta goma.

Ga tsarin da munka koma wa a gidanmu bayan waccan asara. Daga ƙasa zuwa kafaɗa, inda ruwa ke bugu, farin karo. Wanda bai da ƙarfin karo ya yi shafen siminti mai sulɓi da garin jan tsatsa a ciki, kamar kilo 2 a buhu mai kilo 50, ko na Malbaza ne ko waninsa. Wannan launi a cikin simintin yake, ba ya ɓarewa. Sai dai daɓen ƙasa a bar shi da ɗan kaushi saboda santsi. Daga kafaɗa zuwa sama ruwan murjani mai haske, rufi fari. Ja wur ɗin da uwargida ke so ya samu wurinsa a ƙofa da wani siririn layi tsakanin karo da fenti, ƙaramin gwangwani ɗaya ya isa. In ginin na ƙasa ne kada a kusance shi da fentin mai, domin yana kulle laima a ciki bango ya ruɓe ta ƙasa ba a sani ba, kuma daminar 2024 da ta kayar da gidaje masu yawa, har da tsohon masallacin Damagaram, ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Shi farar ƙasa da ɗan jan gari ta ishe shi, a sabunta duk shekara.

Lokacin aiki kuma shi ne tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo. Da damina bango bai bushe ba, da hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, da bazara zafi na busar da shi tun buroshi bai gama tafiya ba sai ya bar sawu. In dole ce ta sa, a fara da sassafe. A bar ƙofa buɗe, a ba shi kwana 2 ko 3 kafin a shiga wanka, mako guda kafin a wanke bangon. Jabel yana cin ja da ruwan hoda, a tsarma shi sosai kuma a tsaya da shi ga karo da daɓe, kada kuma a taɓa haɗa shi da ruwan asid na wanke masai, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum a ƙaramin ɗaki. Masu haya su nemi izinin mai gida kafin su sayi ko da buroshi, su kuma yi magana a gaban shaida ko za a cire kuɗin daga haya, domin mun ga inda mai gida ya ce a mayar masa da bangonsa fari ranar tashi, a kan kuɗin mai fita.